Jirgin Ƙasan Mudi a Zangarma

Mudi mai fenti ya daɗe yana faɗa wa duk wanda ya tsaya a rumfarsa cewa ƙasar Zangarma ba ta rasa komai ba sai shugaba mai hangen nesa. In aka matsa masa ya faɗi sunan shugaban, sai ya sunkuyar da kai ya ce shi ba mai son yabon kansa ba ne.

Kada ka wahalar da kanka neman Zangarma a taswirar duniya. Tana kan wani falankin katako ne a barandar shagon Hajiya Sakinatu, a unguwar Kwangila ta Minna. A wannan shekara ta 2004 an cika shekara tara ana kafa tebur a wurin duk Asabar bayan la'asar. Malam Ndakotsu, mutumin Bida, tsohon ma'aikacin gidan waya, shi ke riƙe da labarin ƙasar. Shi zai ce ga inda kuke, ga abin da ya taso muku. Kowane ɗan wasa yana da mutuminsa a cikin ƙasar, ya faɗi abin da mutumin zai yi, sannan ya jefa ƙwayar ludo. In shida ta fito ya yi nasara, in ɗaya ce sai a yi masa jaje. Wani malamin makaranta ne ya zo da wasan daga karatu a ƙasar waje, da ya bar garin sai Ndakotsu ya kori dodannin Turawa ya zuba na gida.

Tsado tela shi ne mai kwale-kwale a kogin Baƙin Ruwa. Gimba, direban bas ɗin Paiko, maharbi ne. Hajiya kuwa fataucin gishiri take yi da raƙuma arba'in. Shi Mudi mutum goma sha ɗaya ya yi a shekara tara, domin duk wanda ya ɗauka ba ya wuce wata goma bai faɗa rijiya ba. Ban da 'yan tebur akwai 'yan sauraro: Yisa mai shayi, masu wanki da guga, da matan gidan baya da ke jin komai ta taga, har sun fi 'yan wasan riƙe labari.

Ran nan Ndakotsu ya ce zai tafi Bida ya yi wata guda, kuma idonsa ya fara gajiya. Wanda ya riƙe labarin Asabar huɗu lafiya, ya ce, shi za a bar wa kujerar dungurungum.

Bai rufe baki ba Mudi ya miƙe.

"Ka san da Nufanci na rubuta littafin ƙasar, da ajami," in ji Ndakotsu.

"Haba Baba! Ni da na yi zaman Bida? Nufanci a bakina kamar ruwa."

Zaman Bidan nan na kwana goma sha ɗaya ne, ya je rubuta allon wata makaranta. Nufancin da ya dawo da shi gaisuwar safe ce da tambayar kifi.

Littafin nan ba wanda ya taɓa ganinsa, don a gida Ndakotsu yake dubawa ya zo da shi a ka, kuma doka ce ɗan wasa ba ya leƙa shi. Ndakotsu ya ce Mudi ya je gidansa ya ɗauka a kan akwati. Mudi ya tarar da littattafai biyu: wani siririn littafin 'yan firamare mai yagaggen bango, da wani ƙato mai bangon fata an ɗaure shi da igiya. Ko kallo na biyu bai yi wa siririn ba. Ƙasa mai sarakuna bakwai da kogi, a ganinsa, ba za ta shiga littafin 'yan firamare ba.

A gida ya buɗe. Baƙaƙen ya san su sarai tun makarantar allo, sai dai in ya haɗa su ba ya jin ko kalma ɗaya. Da wani ne, da ya koma ya ce bai iya ba. Mudi kuwa rufe littafin ya yi, ya ce dama tsohon tsari ne, ya ɗauko burushi. Kakansa da layin dogo ya zo Minna, mahaifinsa a tashar jirgi ya tsufa, saboda haka shi ya san abin da ke raya ƙasa.

Asabar ta farko ya iso da babbar riga, ya dire littafin a tebur har ƙwayar ludo ta yi tsalle, ya ce daga yau a riƙa kiransa Mai Littafi. Sannan ya yaye zanen da ya rufe falankin. Ga baƙin layi biyu sun keta Zangarma daga arewa zuwa kudu, sun hau ta kan fadar sarki sun sauka.

Tsado ya sa tabarau ya leƙa. "Wannan mene ne a kan ruwa na?"

"Gada."

"Gadan karfe?"

"Da ta kara za a yi wa jirgi?"

"Soko!" in ji Tsado, ya kira Ubangiji da yarensu, don tsoron aljanar kogin. "Uwar Ruwa ba ya yarda da karfe. Shekara tara ko allura ba na shiga kwale-kwale da shi. Ni tela, ko allura!"

"Uwar Ruwa ta yi ritaya."

Daga taga aka ji wata ta yi salati.

"Ta koma wajen 'ya'yanta," Mudi ya ƙara, don ya kwantar da hankali.

"Yaushe ta yi aure ba mu ji ba?" in ji Hajiya.

Mudi ya buga bangon fatar da tafin hannu. "Yana cikin littafi."

Tunda an yi gada, ba mai bukatar kwale-kwale, don haka Mudi ya ba mutumin Tsado aikin duba tikiti. Tsado ya ce a ba shi ƙwaya ya jefa ya ƙi aikin. Mudi ya ce aikin gwamnati ba a jefa masa ƙwaya.

A makon nan Mudi ya gane cewa jama'a ba sa son ci gaba. Yisa ya miƙa masa shayi salam, da ya yi magana ya ce sukarin ya yi ritaya. Matan gidan baya suka aiko tsohuwarsu ta tare shi a bakin famfo, ta ce in yaro ya faɗa Baƙin Ruwa yanzu wa zai turo shi gaɓa, tunda aikin Uwar Ruwa ne? Ya ce za a kafa kwamiti. Ranar Alhamis ya karɓo wandonsa daga wajen Tsado, ƙafa ɗaya ta kai idon sawu, ɗayar ta tsaya a ƙauri.

"Tsado, wannan wane irin ɗinki ne?"

"Haka yake a littafi na," in ji Tsado, bai ko ɗago daga keken ba.

Mudi ya zauna ya yi lissafin siyasa. Tsado ya tafi, Hajiya ba a san inda ta dosa ba, saura Gimba. In ya samu Gimba ya samu rabin tebur, kuma ya san abin da zai ba shi.

Shekara shida da suka wuce Gimba yana da wani maharbi mai suna Kwarangwal. Mayaƙan Sarkin Duhu sun biyo mutanen 'yan tebur har mashigin dutse, Kwarangwal ya ce kowa ya wuce shi zai tare. Kibiya tara gare shi, Gimba ya jefa ƙwaya shida ta fito sau uku a jere, a na huɗu ɗaya ta fito, Kwarangwal ya mutu. Ranar matan taga kuka suka yi na gaske. Har yau in fasinja ya zauna a gaban bas, kafin a kai Paiko sai ya ji labarin.

Asabar ta biyu Mudi ya gyara murya. "Kun isa tashar jirgi ta Mashigin Dutse. Shugaban tasha ya fito da jar hula da usur a wuya. Kuka dube shi, ya dube ku. Jama'a, Kwarangwal ne! Ashe suma ya yi."

Ya jingina yana jiran tafi.

Gimba ya ajiye kofin shayinsa a hankali. "Suma?"

"Doguwa."

"Shekara shida?"

"Da ya farfaɗo ya ga ba kowa, sai ya nemi aiki."

"Mun binne shi, Mudi," in ji Hajiya. "Da gishirina aka yi sadaka, buhu biyu."

"Wani aka binne."

Gimba ya miƙe, kuma abin da ba wanda ya zata, idonsa ya kawo ruwa. "Malam Mudi, shekara ashirin ina jan mota. Ba wanda ya taɓa ce mini sannu da ƙoƙari, sai dai direba ka taka, direba ka rage. Abu ɗaya tak na yi a duniya da mutane suke tunawa, na mutu a mashigin nan. Shi ne za ka tashe ni ka ba ni usur?"

"Ai da fansho a aikin," in ji Mudi.

Gimba ya ɗauki makullin motarsa. Yana tafe yana cewa a mayar masa da gawarsa, masu wanki suna biye da shi suna ba shi haƙuri.

Garin gyaran gira ke nan an rasa ido. Ranar Litinin Mudi ya tsaya a bakin titi da gwangwanayen fenti zai je aiki Paiko. Bas ɗin Gimba ya zo rabinsa ba kowa, ya rage gudu daidai shi, Gimba ya leƙo ya ce ya jira jirgi, ya taka mota.

Asabar ta uku ya iske kowa ya riga shi zama, kowa kuma fuska a sake. Da mai hankali ne da ya tsorata. Mudi kuwa ya ɗauka sun gane gaskiya.

"Mai Littafi," in ji Hajiya cikin ladabi, "raƙumana arba'in sun tsaya a bakin gada. Na sa an ɗaure igiya a ƙafafun gadar. Za mu ja."

"Ni kuma na bar tikiti, na dauko zarto," in ji Tsado.

"Ni na tsare hanya," in ji Gimba. "In wani mai usur ya fito zan mayar da shi inda ya fito."

Doka doka ce, dole a jefa. Hajiya ta girgiza ƙwaya ta zubar. Shida. Taga ta ɗauki guɗa.

Mudi ya buɗe littafin, ya bi layi da yatsa yana motsa leɓe, ya ɗago. "An samu gyara. A sabon tsari ɗaya ce babba, shida ita ce faɗuwa."

"Tun yaushe?"

"Tun asali. Baba ne bai kai wannan shafin ba."

"To," in ji Hajiya. Ta miƙa wa Tsado ƙwaya. Tsado ya hura mata iska ya jefa. Ɗaya.

Yisa ya saki ludayin shayi ya kama rawa. Mudi ya sake sunkuyawa kan littafin, wannan karon ya daɗe.

"Ranar Asabar," ya ce, "uku ce babba."

"Mudi, wace rana muke wasan nan in ba Asabar ba?" in ji Hajiya.

"Shi ya sa."

Gimba ya karɓi ƙwaya. Kafin ya jefa Mudi ya dafe ta da hannu, ya ce an kira magariba. Rana kuwa ko kan rufin shago ba ta sauka ba.

Kana tsammanin zai ja baya? Ai ba ka san Mudi ba. Ya ce matsalar ƙarancin wayewa ce, mutum uku ba za su hana ƙasa tafiya ba, abin da ake bukata shi ne a kai maganar gaban jama'a. Asabar ta huɗu, ranar da Ndakotsu zai dawo ya yanke hukunci, ita ya sa ranar ƙaddamar da jirgi. Ya rubuta allo da jan fenti ya kafa a bakin layi. Ya aro rumfa da kujeru da lasifika. Ya gayyato mai unguwa, wanda ya zo a bisa zaton rijiyar burtsatse za a buɗe. Matan taga suka fito fili da mayafansu, har da masu goyo. Kwangila ba ta taɓa ganin taro irin wannan a kan falankin katako ba.

Ana cikin haka ɗan acaɓa ya sauke Ndakotsu. Ya rame. Yana tafiya a hankali ƙafafu a ware, da aka ba shi kujera sai ya zauna a gefe guda yana cije leɓe. Aka yi masa sannu da hanya, ya amsa a taƙaice.

Mudi ya kama lasifika. Ya yi bayanin kakansa da layin dogo, ya yi bayanin masu adawa da ci gaba ba tare da kama suna ba, yana dai nuna su da yatsa. Sannan ya ce don kada a ce daga kansa ya ƙago, zai karanto daga tushe. Ya ɗaga littafin sama kowa ya gani.

Ndakotsu ya miƙe zumbur, ya manta da ciwo, ciwon kuma ya tuna masa.

"Mudi. Wannan littafin a ina ka same shi?"

"A kan akwati, Baba, inda ka ce."

"Wata guda ana nemansa. Na aiko gida sau uku, matata ta juye ɗaki kaf." Ya numfasa. "To karanta mana. Ina maganar jirgi?"

Nan ne ƙofa ta ƙarshe da Allah ya buɗe wa Mudi, bai kuwa shige ta ba. Ya buɗe tsakiya, ya ɗora yatsa, ya karanta da murya irin ta mai labaran rediyo: "Kuma a ƙarshen zamani wani mai hangen nesa zai zo, ya shimfiɗa ƙarfe daga arewa zuwa kudu."

"Miƙo nan."

Ya miƙa. Ndakotsu ya sa tabarau ya dubi inda yatsan yake. Lasifikar tana daidai bakinsa, ba kuma wanda ya yi tunanin janye ta.

"A samo sassaƙen maɗaci," ya fassara a hankali, "da saiwar marke, da 'yar kanwa. A tafasa, a bari ya huce. A zuba a babbar roba, mai basur ya zauna a ciki safe da yamma."

Ya juya shafi. "Nan kuma, inda ka sa alama da kara?"

"Nan ne ritayar Uwar Ruwa," in ji Tsado.

"Kumburin ciki ne." Ya rufe littafin ya rungume shi. "Littafin maganin mahaifina ne. Wata guda ban zauna daidai ba saboda kai."

Dariyar ba ta tashi nan take ba. Mai unguwa ne ya fara, da wani ɗan tari da ya ƙi tsayawa, daga nan rumfar ta kece. Tsohuwar gidan baya sai da aka riƙe ta. Mudi ya tsaya da lasifika a hannu, ya ce dama ya lura Nufancin littafin na tsofaffi ne, irin na ƙauye, ba irin na cikin garin Bida da ya iya ba. Ba wanda ya ji shi.

Da aka lafa Tsado ya ce a goge komai, a wanke falankin da kananzir, a ce makonni huɗun nan ba a yi su ba.

Ndakotsu ya girgiza kai. "Magana zarar bunu ce. An faɗa a tebur, jama'a sun ji, ba ta komawa. Sai dai a san wa ya faɗe ta." Ya gyara zamansa na gefe guda. "Ku saurara. A ƙofar kasuwar Zangarma akwai wani mai tallan maganin basur. In ciniki ya yi sanyi sai ya tara mutane ya ce musu Uwar Ruwa ta yi ritaya, matattu sun tashi, jirgi yana zuwa. Duk abin da kuka ji a watan nan daga bakinsa ya fito. Uwar Ruwa tana nan. Gada babu."

"Kwarangwal fa?" in ji Gimba.

"Ya mutu, Gimba. Tun shekara shida."

"Alhamdu lillahi!" Gimba ya share ido. Mutane suka yi layi suna yi masa ta'aziyya, yana amsawa yana washe baki.

Kujerar kuwa Hajiya Sakinatu aka ba, da siririn littafin, da sharaɗin matar Ndakotsu ta riƙa fassara mata. Mai maganin basur kuma aka ce Mudi ne zai riƙe shi, tunda ba wanda ya kai shi sanin aikin, kuma a ƙofar kasuwa ba rijiya.

Mudi ya rantse da girman kakansa ba zai sake taka barandar nan ba. Ya faɗa wa Yisa, ya faɗa wa masu wanki, ya faɗa wa wanda ya zo karɓar kujeru. Asabar ta zagayo, aka yi la'asar, ya zauna a rumfarsa yana juya burushi a gwangwani. Shekara tara ba shi da inda yake zuwa a wannan lokacin sai wuri ɗaya. Duk cika bakinsa, ƙasar nan ta katako ita ce wurin da yake jin ana jiransa. Ya ce bari ya bi ta layin ya sayi ashana.

Ya iske an bar kujerarsa ba kowa a kai. Ya zauna bai yi sallama da ƙarfi ba, ba kuma wanda ya dube shi. Hajiya tana cikin labari.

"Kun tsallake Baƙin Ruwa lafiya," ta ce. "Kun iso ƙofar kasuwa. Ga wani mutum a kan tabarma, ya jera kwalabe."

Sai ta dubi Mudi. Tebur ya juyo, matan taga ma suka leƙo.

Mudi ya dubi ƙasa, ya dubi sama. Sannan ya gyara hula, ya buɗe hannuwa, ya ɗaga murya har sai da awakin layi suka watse: "Ina mai zaman gefe guda! Ina wanda kujera ta zame wa abokiyar gaba! Ga maɗaci, ga marke, gadon kaka da kakanni!"

Gimba ya tura mutuminsa gaban tabarmar, fuska ba alamar wasa. "Mai magani, yaushe jirgin zai iso?"

Mudi ya kara hannu a kunne ya saurari arewa, ya daɗe yana saurare.

"Yana hanya," ya ce. "Ka sayi kwalba biyu, zaman jira da tsawo."